A Cire Mari, A Kai Yaro Asibiti

Iyaye, malamai, limamai, masu unguwanni, ku ba ni aron kunnuwanku!

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk shatin bulala. Wata guda bai cika ba aka buɗe wani a Daura. Da yawa daga cikin waɗanda aka fito da su iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi, wai a gyara musu tarbiyya. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Sun gaji ne, sun rasa inda za su nufa, kuma mu da muke kewaye da su ba mu nuna musu wata ƙofa ba.

Ku duba cikin gidajenku. Akwai yaron da ya kai shekara uku bai fara magana ba, ba ya haɗa ido da kowa, ƙarar injin markaɗe kawai sai ta sa ya toshe kunne yana ihu. Sai a ce aljanu ne, ko a ce uwarsa ta yi wanka da almuru tana da cikinsa. Akwai wanda ba ya iya zama wuri ɗaya a aji, kullum shi ne ake zanewa, an laƙaba masa "ɗan ƙiriniya" ko "daƙiƙi", alhali ƙwaƙwalwarsa ce take aiki ta wata hanya dabam. Akwai budurwar da ta daina ci, ta daina dariya, ta kulle kanta a ɗaki, ana ce mata ta cika miskilanci. Wallahi waɗannan yara taimako suke nema, kuma duka ba ya ƙara musu komai sai tsoro. Wasu daga nan suke faɗawa tiramadol.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin larurorin ƙwaƙwalwa kafin shekara 14 suke somawa. Ashe jiran "zai daina in ya girma" ɓata lokaci ne.

Ba wanda ya ce a bar addu'a. A yi ta, a yi ruƙiyya ta gaskiya wadda babu duka a cikinta, sannan a ɗauki yaro a kai shi wurin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau cikin Kano, akwai na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma ba kowa ake ba ƙwaya ba. Wani zaman tattaunawa da ƙwararre ne maganinsa, wani kuma iyayen ne za a koya wa yadda za su bi da shi.

Malam liman, ka saka wannan magana a huɗubar Juma'a. Malama, kafin ki ɗaga bulala, ki kira uwar yaron ku zauna. Maigida, kada ka bar wa matarka wannan nauyi ita kaɗai, balle ka ɗora mata laifi. Maƙwabta, ku hana 'ya'yanku jifan yaron da suke kira mahaukaci.

Su kuma gwamnoni, tun Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Mu tambaye su a bainar jama'a: yaushe za a horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu su riƙa gane waɗannan alamomi?