Likita Ya Gama Nasa, Saura Naka

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya same ni bara ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na daɗe ina buga wa sashenmu ƙwallo, sai na fara jin ciwo a matsematsina duk lokacin da na tsuguna ko na daɗe zaune a aji. Da aka ɗauki hoto, aka ce kan ƙashin cinyata ne ke gogar bakin gurbinsa a kwatangwalo, yana cin guringuntsi. Likita Reinhold Ganz da abokan aikinsa na birnin Bern a Suwizalan ne suka fito da bayanin wannan matsala a 2003.

Aka yi mini tiyata irin wadda ba a tsaga jiki sosai. Huda ƙanana ake yi, a zura kyamara, a kankare ƙashin da ya yi tozo. Ganin ƙanƙantar tabon ne ya ruɗe ni. Ina ajiye sanduna, ciwo ya lafa, sai na daina zuwa wajen masu gashin ƙashi, na koma fili. Ban yi minti goma ba ƙafar ta ƙi ɗaukata.

A ganina, nan ne yawancinmu ke kuskure. Tiyata ƙashi take gyarawa, ba ta mayar wa tsoka ƙarfinta. Tun kafin aiki, tsokokin ɗuwawu da masu ɗaga cinya sun yi rauni saboda ɗingishi, makonnin dogara sanda kuma suka ƙara ramar da su. Ƙarfinsu watanni yake ɗauka kafin ya dawo, kuma sai da atisaye: keken motsa jiki, ɗaga ƙafa a kwance, tsayuwa da ƙafa ɗaya, sannan gudu.

Wani zai ce, to mene ne amfanin tiyatar? Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2018 ya raba mutane 348 gida biyu, masu tiyata da masu atisaye zalla. Bayan wata 12 duka sun sami sauƙi, amma masu tiyata sun fi. Sai dai su ma an ɗora su a kan atisaye bayan aikin.

Don haka, ya mai karatu, in ka san wanda aka yi wa wannan aiki, kada ka tambaye shi ko ciwo ya tafi. Tambaye shi ko ya yi atisayensa na yau. Ni dai gaggawa ta ja mini asarar gasar shekara guda. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.