AZUMIN DA YA FI NA CIKI WUYA

Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi hidimar kasuwa ce ta sha kaina, don tun da ƙafa ta fara damun Baba ni nake tsayawa a rumfa. To yau dai na samu sarari, kuma ga shi azuminmu na kwana arba'in ya sake zagayowa, shi ya sa na ce bari in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini rai.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni Bahaushe ne kuma Kirista, asalinmu mutanen ƙasar Zazzau ne, wajen Wusasa, amma a nan Ibadan aka haife ni, a nan na yi sakandare, kuma albasa muke sayarwa. Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, don haka bari in ɗan yi bayani. Azuminmu yana farawa ne ranar Larabar Toka, ya ƙare gab da Ista, wato idin tashin Almasihu daga matattu. Idan ka ƙirga za ka samu kwana 46, amma ba a sa ranakun Lahadi shida a lissafi, shi ne ya zama 40, kwatankwacin kwanakin da Yesu ya yi yana azumi a jeji. Tokar da ake shafa mana a goshi kuwa, bisa al'ada daga ganyen dabinon da aka yi amfani da shi a Lahadin Dabino ta bara ake ƙona ta, don mutum ya tuna daga ƙasa ya fito kuma can zai koma.

Akwai Larabar Tokar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ita ce ta 17 ga Fabrairu, 2021. Kwana biyar kafin nan, wato ranar Juma'a 12 ga wata, rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha tsakanin Hausawa da Yarbawa, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje, har gwamnati ta rufe kasuwar. Rumfarmu tana cikin waɗanda suka ƙone, da buhunan albasar da ko kuɗinsu ba mu gama biya ba. Da na je coci ran nan, fasto ya shafa mini toka, sai na ji kamar ana yi mini ba'a, don ni tokar da na sani ita ce wadda na baro a kasuwa. Na yi azumin shekarar kuwa, ban ci ba ban sha ba har yamma, amma duk Bayaraben da na gani sai in ji zuciyata tana tafasa, har da waɗanda muke zama kujera ɗaya a coci.

Baba ne ya lura. Wata rana da dare ya ce mini, "Kai, wannan azumin naka yunwa kawai kake sha." Na ce, "Baba, mutanen nan fa sun ƙona mu." Ya ce, "Su wa? Iyar da ta ɓoye ƙannenka a ɗakinta har kwana biyu, ita 'yar wace ƙabila ce?" Na yi shiru. Daga nan ya ce in je in karanta tarihin Bishop Samuel Ajayi Crowther, in dawo mu yi magana.

Mai karatu, wannan bawan Allah ɗan garin Osogun ne, a cikin wannan jiha ta Oyo da muke zaune. A 1821, yana yaro ɗan shekara 12 ko 13, mahara suka faɗa wa garinsu, cikinsu akwai Fulani da Yarbawa Musulmi, suka kama shi da mahaifiyarsa. Aka raba su, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har an taɓa musayarsa da doki, daga ƙarshe ya faɗa hannun Turawan Fotugal masu fataucin bayi. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke shi a Saliyo. Can aka yi masa baftisma a 1825, ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay. A 1841 ya biyo tawagar da ta shigo kogin Kwara tare da Fasto Schön, Bajamushen nan da daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Bai sake ganin mahaifiyarsa ba sai a 1846 a Abeokuta, bayan shekara 25. A 1864 aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko a cocin Angilikan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya zauna da Musulmi bayan duk wannan. Mutumin da yake da hujjar ƙin su har ƙarshen ransa, shi ne yake zuwa Bida wurin Sarkin Nufe Masaba, su zauna su yi magana cikin mutunci. Bai ɓoye addininsa ba, bai kuma zagi nasu ba. Sannan wulaƙancin da ya sha a tsufansa daga 'yan'uwansa Kirista ya zo, wasu samarin Turawan mishan da suka raina aikinsa suka kori ma'aikatansa a 1890. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Sai a 2014 Archbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya fito fili ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa.

Da na gama karantawa na gane abin da Baba yake nufi. Sharri ba shi da ƙabila kuma ba shi da addini. Wanda ya sayar da Ajayi daban, wanda ya karɓe shi a fada daban, ko da kuwa alƙibla ɗaya suke kallo. Haka wanda ya cinna wa rumfarmu wuta daban, Iyar da ta ɓoye ƙannena daban, ko da yare ɗaya suke yi.

Saboda haka ra'ayina shi ne, azumin da mu mazauna kurmi muka fi bukata shi ne na barin yi wa mutane kuɗin goro. Kuma in akwai wanda ya kamata ya san zafin wannan abu, to mu ne. Ɓarawo ɗaya ya yi sata a unguwa, sai a ce Hausawa ne. A yi garkuwa da mutum a daji, sai a harari mai sayar da tsire. Ni kuma nawa biyu ne: a coci wasu suna mamakin wai akwai Bahaushe Kirista, a zango kuma wasu su ce ai ni ba Bahaushen gaske ba ne, alhali marigayi Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, namu ne. To in muna kuka da abin da ake yi mana, da wane ido za mu juya mu yi wa wasu?

Na san wani zai ce, wannan ai maganar wanda bai rasa ɗan'uwa ba ce. Gaskiya ne, mu dukiya muka rasa, kuma ba zan ce wa wanda ya binne ɗansa ya manta ba. Gafara ba ta hana neman haƙƙi. A kai ƙara, a bi ta hannun shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa, a matsa wa hukuma ta hukunta mai laifi da sunansa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora laifin a kan yaron da ba a ma haifa ba lokacin da abin ya faru. Yusufu, wanda mu da ku duk mun san labarinsa, 'yan'uwansa ne suka sayar da shi, kuma da suka zo hannunsa a Masar sai da ya gwada su ya ga sun canza, amma bai bar su da 'ya'yansu sun mutu da yunwa ba.

A 2025 azuminmu da na Ramadan sun haɗu, ku kun fara ranar 1 ga Maris, mu ranar 5. Na ga yadda da yamma ake miƙa wa juna ƙosai da kunu a kasuwa ba tare da tambayar wane coci ko wane masallaci ba. Ni dai bana na ɗaukar wa kaina abu ɗaya: kafin Ista zan je in gaida Iya da buhun albasa, in yi mata godiyar da girman kai ya hana ni yi mata da bakina tun wancan lokaci. Kai ma mai karatu, ko kana azumi yanzu ko ba ka yi, duba ka gani ko akwai wata ƙofa a unguwarku da ka daina ƙwanƙwasawa saboda laifin wani.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a inda muke, Ya kai mu gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.