Mai Awo, Gyara Fuska Ka Gyara Kwano

Kaka ta kama, amalanke da babura sun fara sauke kaya a kasuwannin ƙauye. Wannan shi ne lokacin da ƙananan 'yan kasuwa, watau masu awo da dillalai da 'yan kamasho, su ke samun abin da za su ci shekara. Shi ne kuma lokacin da waɗansunsu ke korar abokan cinikinsu da hannunsu ba su sani ba.

Abin ya kan fara ne tun daga gaisuwa. Manomi ya taso tun asuba, ya sha ƙura, ya iso rumfa da buhun wakensa, ya yi sallama. Mai rumfa kuwa kansa na sunkuye bisa waya, sai ya amsa da hanci, bai ko ɗago ba. Dattijo sa'an ubansa ya tsaya a rana har ya gaji. To, me zai rage wa mai rumfa in ya ajiye wayar nan ya ce, "Sannu da zuwa Baba, ina gajiya, yaya mutanen gida?" ya nuna masa benci, ya sa yaro ya kawo ruwa? Ko kwabo ba zai ci masa ba. Mutanen da sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a kasuwa ne maganar ta fi nauyi, domin wanda a ka wulakanta ba ya kan yi gardama ba. Shiru zai yi ya karɓi kuɗinsa, kasuwa mai zuwa ya sauke a rumfar maƙwabci, ya kuma gaya wa mutanen garinsu dalili.

Abin da ya fi muni shi ne duban riga. In mai mota ya tsaya, a miƙe tsaye, "Ranka ya daɗe Alhaji," har da rusunawa. In kuwa tsohuwa ce ta kawo tiya uku ta riɗi a ƙullin zane, ko yaro aka aiko daga wurin matan kulle, sai a ce su jira. Alhali kuwa buhu ba ya cika sai da irin waɗannan tiyoyi, kuma tsohuwar nan tana da 'ya'ya manoma.

Ya kamata a tuna yadda cinikin gyada ya kafu a ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 kuwa kamfanonin Turawa su ka shiga sayen gyada, alhali auduga su ka sa rai za a noma musu. Baturen kamfani bai san ƙauye ba, manomi kuma bai san shi ba. Fatake ne su ka tsaya tsakani, babbansu kuwa marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja, ya rasu a 1955. Kamfani ya ba attajiri kuɗi, attajiri ya raba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauyuka, wani lokaci su ba manomi tun gyada na ƙasa. Galibin kuɗin nan ba takardar lauya ce ta tsare su ba, sanayya ce da cika alkawari. Dalar gyada ta Kano, wadda a kan ce ɗaya ta kan ci buhu wajen 15,000, da haka a ka tara ta. Dalar ta tafi, fari da cutar gyada ta 1975 sun karya nomanta na wani zamani, an kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Amma hanyar ciniki ba ta sāke ba. Har yanzu mai sito a Dawanau sai ya sami amintaccen da zai ba kuɗi ya tafi ƙauye awo.

Wani zai ce duk wannan zance ne, manomi ba gaisuwa ya zo nema ba, wanda ya fi tayi shi zai sallama wa. Akwai gaskiya a ciki. Ba mai sayar da gumin damina a kan murmushi. Amma a kasuwa ɗaya, rana ɗaya, bambancin tayi tsakanin rumfa da rumfa ba shi da yawa, kowa ya ji abin da a ke saye a birni, balle yanzu da waya ke aljihun kowa. In tayi ya zo ɗaya, hali ne ke raba gardama. Sa'an nan fara'ar da a ke nufi ba daɗin baki ba ce. Mai zaƙin baki da lotsattsen kwano ya fi mai murtuke fuska sharri.

Maganar kwano kuwa doguwa ce. Sananne ne waɗansu na ajiye kwano biyu, na saye wanda a ka bubbuge gindinsa ya zurfafa, da na sayarwa wanda a ka tura gindinsa ciki. Waɗansu kuma kwanon ɗaya ne, amma wajen saye sai su tara hannu su kare tozo, wajen sayarwa su shafe shi. A yi lissafi. Buhun hatsi a kan ƙiyasta shi tiya 40. In kwanon mai awo ya mai da 40 ɗin manomi ta koma 38, an ci masa tiya biyu ke nan. A buhu 20 an ci masa buhu guda cur, bai ba da kyauta ba, ba ɓarawo ya shiga rumbunsa ba. Manomi kuwa ba wawa ba ne, ya auna kayansa a gida kafin ya fito. Alƙur'ani mai girma yana da sura guda a kan masu tauye mudu, kuma ba mai awon da bai taɓa jin an karanta ta ba. Gyara fa daban ce. Wannan kyauta ce da mai kaya ke yi da yardarsa bayan an gama awo, ba a ƙwatarta.

Haka algus. A 2015 ƙungiyar ƙasashen Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, a 2016 ta ƙara wa hanin shekara uku, saboda maganin ƙwari da a ka tarar a ciki fiye da kima, irin wanda a ke kira fiya-fiya. Masu ajiya ne ke zuba shi don tsoron ƙwaro, su sayar wa mutane su dafa wa iyalinsu. Ga shi kuwa akwai buhu mai leda biyu a ciki, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka su ka fito da shi. In an ɗaure bakinsa tam iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu don kansu, ba sai an sa guba ba. Ya fi buhun banza tsada, amma a kan yi amfani da shi fiye da kaka ɗaya in bai huje ba. Manoma su ma ba su fita ba. Wanda ya cusa tsakuwa da ƙaiƙayi a tsakiyar buhu, ko ya kawo gyadar da ba ta gama bushewa ba don ta yi nauyi, shi ya koya wa mai awo zargi, gyadar kuma ta yi fumfuna ta cuci mai ci.

Saura littafi. Da yawa cikin ƙananan 'yan kasuwa aljihu ɗaya su ke zuba uwar kuɗi da riba, daga nan a yi cefane, daga nan a yi gudummawar biki. Ciniki na tafiya, mutum na ganin kuɗi na shiga, sai ran da ya tashi sarin kaya ya tarar jari ya zaizaye. Littafin 'yan makaranta guda ya isa. A rubuta abin da a ka saya, da nawa, da ladan dako, da kuɗin mota, da la'ada, da sunan duk wanda ya ci bashi da ranar da ya ce zai biya. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa. Kuma a rubuta a gaban mai bashin, a karanta masa ya ji, don yawancin rigimar da ke kai abokai gaban sarkin kasuwa ba daga ƙeta ta ke fitowa ba, daga mantuwa ne.

A farkon 2023, sa'ad da a ka canja takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya, an ga amfanin wannan. Manoman da ba su da asusun banki sun rasa yadda za su yi, waɗansu su ka karyar da kaya don su riƙe kuɗi a hannu. Mai awon da a ka san shi da biyan ciko ran da ya faɗa, an bar masa kaya a kan magana. Wanda a ka san shi da "dawo gobe" kuwa, ko ya nuna saƙon banki a waya, sai an ga kuɗi tukuna.

'Yan dako su ma a sallame su kafin su bar bakin rumfa, kada a ce sai an tashi kasuwa. Su ne ke fara tarar manomi a bakin hanya, kuma da yawa cikin baƙi su su ke tambaya wace rumfa za a sauke.