Kafin a sayar da masara a biya kuɗin biza

Mutumin Riruwai da ya ƙudura niyyar zuwa Saudiyya yana fara wahala tun kafin ya ga jirgi. Sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya shiga Kano neman fasfo, sannan ya koma ya jira. Wannan nisa ne ke sa manoma da masu haƙar kuza na Doguwa, da 'yan'uwansu na Kiru da Bebeji, su damƙa komai ga eja, su ce masa ya yi yadda ya gani. A ganina a nan matsalar take: mutum ya sayar da amfanin gonarsa na shekara, ya karɓi takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Biza izini ce da ƙasa ke bayarwa domin wata manufa guda, na wani lokaci ƙayyadadde. Bizar Umara daban, ta ziyara daban, ta aiki daban, ta Hajji kuma daban. Ta Hajji ba ta fitowa sai ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006, ko dai ta hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ko ta kamfanin da ke da lasisi. Duk wanda ya ce zai kai ka da bizar ziyara ka laɓe har Arfa, sayar da kai ya yi.

Mun ga sakamakon haka. A watan Nuwamba na 2023, jirgin da ya tashi daga Legas ya biya ta Kano ya sauka Jidda da fasinjoji 264, aka dawo da 177 daga cikinsu. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce sun ba da bayanan da ba daidai ba domin samun nau'in bizar da ba ta dace da su ba. A Hajjin 2024 kuma, mutum fiye da 1,300 ne suka rasu cikin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti ko motar da aka tanadar wa alhazai. A 2025 an sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, da korarsa, da hana shi shiga ƙasar shekara goma.

Za a ce talaka ba ya iya biyan kujerar Hajji, shi ya sa yake bin ɓarauniyar hanya. Gaskiya ne kujera ta yi tsada. Amma wanda aka juyo da shi daga Jidda ya rasa kuɗin, ya rasa ibadar, wataƙila ya rasa damar komawa. Araha ba ta ado.

Abin da ake bukata ba shi da yawa: fasfo mai sauran aƙalla wata shida, wanda sunan da ranar haihuwar da ke ciki suka dace da na katin NIN, katin rigakafin shawara da na sanƙarau, sai rasidin kowane kuɗi da aka biya. Bayan biza ta fito, a duba nau'inta da adadin kwanakin zama.

Wannan aiki namu ne, mu da muka yi karatu. Idan kawunka na Riruwai ya ce bizarsa ta fito, kada ka tsaya a "Allah ya sa a je lafiya". Ka ce ya turo maka hotonta, ka karanta masa, ka tambayi ko kamfanin na da lasisin NAHCON. Jami'an alhazai na ƙananan hukumomi su ma su riƙa wannan bayani a masallatan Juma'a da ranakun kasuwa, tun lokacin girbi, kafin kuɗi ya bar hannu.