Hoda mai haske, kwalli mai yaji: da wane mudu muke awo?

1/ Ƴan uwa mata, ku matso kusa, zare ne mai tsawo a kan hoda da kwalliyar ido. Ra'ayina a taƙaice: yawancinmu mudu biyu muke awo da su. In hoda ce, wadda ta fi haskaka mu. In kwalli ne, wanda ya fi baƙi da yaji. Ni kuma na ce mudun nan biyu su suke cutar mu. 🧵

2/ Kafin a ce talla nake yi: ba wanda ya biya ni, kuma ba zan ce ki sayi na kamfani kaza ba. Iri-iri na gwada, daga ƙarshen hunturu har aka shiga zafin Afrilu. Ni baƙa ce, mai maiƙon goshi da hanci. Fatarki daban, tawa daban, amma hanyar gwajin za ta yi wa kowa.

3/ Ga yadda na yi. In shafa ƙarfe 8 na safe a bakin taga, in duba madubi kafin alwalar azahar, in ga sauƙin gyarawa bayan na wanke fuska, da daddare kuma in ɗauki hoto da filashin waya. Tallan "tana kwana a fuska" bai dame ni ba. Mu da muke alwala, wa yake kai hoda awa 24?

4/ Farar hoda irin ta jarirai. Tana shan gumi, ga sanyi, ga araha. Amma a baƙar fuska toka take zama. Kafin azahar ta taru a gefen hanci da layin dariya. A wuya da baya lokacin ƙurajen zafi na gane amfaninta. A fuska kam, araha ba ta ado.

5/ Hodar gari ruwan ɗorawa, wadda ake kira banana. Ɗan kaɗan a ƙarƙashin ido ta yi min kyau, ta kashe maiƙo ba tare da fari ba. Da na ƙara hannu na bi duk fuskar, sai na koma kamar wadda ta dawo daga injin niƙa. Ta fi karɓar mai fatar da ta karkata ga ɗorawa.

6/ Dunƙulalliya mai madubi, mai launin fata. Ita ta ci gasar a wurina, da sharaɗi ɗaya: kalar ta zama taki. Bayan alwala minti ɗaya ta ishe ki gyarawa. Sai dai kar ki ɗora ta a kan gumi, dabbare-dabbare za ta yi. Ki dangwale da tishu tukuna, sannan ki shafa.

7/ Fankeke. Wajen rufe tabo babu kamarsa, kuma yana jure zaman biki. Amma da hunturu ya fito min da duk bushewar fuska har yana tsagewa, da zafi kuma ji nake kamar an yi min yaɓe. Na ranar taro ne. Ba na zuwa makaranta ko kasuwa ba ne.

8/ Abin da gwajin ya nuna min: bambancin hoda mai tsada da mai sauƙin kuɗi bai kai bambancin kalar da ta dace da wadda ba ta dace ba. Mai sauƙin kuɗi in kalarki ce, za ta fi mai tsadar da ta ɗara ki haske kyau. Nan ne maganar take.

9/ Kin san yadda cinikin yake. Ki shiga shago a Sabon Gari, a goga miki a bayan hannu ƙarƙashin farar fitila, mai shago ya ce: "Hajiya, wannan ta fi fito da ke, dubi yadda kika yi haske." Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da muke zuwa nema yake miƙo mana.

10/ Bayan hannu ba fuska ba ne, kalarsu ba ɗaya ba. Ki ja layi uku a gefen muƙamuƙi, inda fuska ta haɗu da wuya. Ki ce, "Malam, bari in leƙa waje in dawo." Ki duba a hasken rana. Wadda ta ɓace a fatarki har kika rasa inda take, ita ce taki.

11/ Ki kuma ɗan jira, ko da minti 15 ne. Wata hodar in ta haɗu da maiƙon fuska tana sauya kala, ta ƙara duhu ko ta koma ja-ja. Abin da kika gani a minti na farko ba lallai shi za ki gani a cikin adaidaita ba.

12/ Yanzu ga wadda za ta ɓata wa wasu rai. Da yawanmu mun san kalarmu sarai. Da gangan muke ɗaukar wadda ta fi mu haske, mu ce "don fuska ta washe". Shi ya sa za ki ga amarya fuska daban, wuya daban, hannu daban, har dangin ango na raɗa ko an canza musu ita.

13/ Za a ce ai hoda ce kawai, ruwa na wanke ta. Haka ne. Amma tunanin da ya sa yarinya ƴar shekara 15 ta ga fuskarta ba ta yi ba sai ta ƙara haske, ruwa ba ya wanke shi. Tunanin nan ne dai yake kai wasu ga man bilicin. Ƙannenmu suna kallon abin da muke shafawa.

14/ Masu cewa "ai babu kalarmu a kasuwa", a da kuna da gaskiya. Amma House of Tara tun 1998 take harkar kwalliyar baƙar fata a Najeriya, ga su Zaron. A 2017 Fenty Beauty ta fito da fandeshan kala 40, sauran kamfanoni suka bi sahu. Kalar tana nan.

15/ Abin da ya rage shi ne ƙananan shagunanmu, inda za ki tarar da kala uku ko huɗu, duk masu haske. Ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake sarowa. In mata goma suka ce "ba ka da wadda ta fi wannan duhu?" suka juya ba su saya ba, wallahi sati mai zuwa za ki gan ta a kanta.

16/ Maganar filashi. Hodar da take lafiya lau da rana tana iya mayar da ke fatalwa a hoton dare. Sinadarai irin su silica, titanium dioxide da zinc oxide suna mayar da haske ga kyamara. Ki juya bayan kwalin ki karanta. Ki gwada da wayarki a ɗaki kafin ranar kamu.

17/ Sai talc, farin dutsen da ake niƙawa a yi yawancin hoda. A 2023 Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai mai talc a duniya, ya koma garin masara, ko da yake ya ce tsohuwar ba ta da illa. A 2024 cibiyar binciken kansa ta WHO ta sa talc a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo kansa.

18/ Ban ce ki firgita ki zubar da kayanki ba. Na ce ki san abin da ke cikin gwangwanin. Ki rage bulbula hoda tana tashi kina shaƙa, kuma don Allah a daina busa ta a fuskar jariri. In akwai zaɓi, mai garin masara ko shinkafa tana nan.

19/ Mu koma ido. Fensir: ya fi sauƙin sarrafawa, amma a fatar ido mai maiƙo kafin azahar ya fara zamewa. In na ɗora masa ɗan baƙin aishado a kai, yana ƙara zama. Amfaninsa babba: kina fiƙe shi, bakin da ya taɓa ido jiya ya tafi.

20/ Ailaina na ruwa: shi ya fi kowa jure zafi, layinsa tsaf har la'asar in ba ki wanke ba. Sai dai yana son hannun da ba ya rawa, kuma na saman fatar ido ne, ba a zizara shi a ciki. Gazal na gwangwani ya fi su baƙi, shi ya fi su zubowa ƙasan ido kuma.

21/ Kwallin dutse na tandu fa? Gaskiya ɗaya ce: a kyau, ba na biyunsa. Da shi muka tashi, mun san yadda yake fito da farin ido, da ɗan ƙyallin nan nasa. Amma ban sa shi cikin gwajin ba, kuma ga dalilina. Ki karanta wannan ɓangaren ko da kin tsallake sauran.

22/ Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, sau da yawa galena ne. Galena kuwa dutsen dalma ne, daga shi ake fitar da dalmar. Wato ƙyallin da muke cewa "wannan na asali ne" yana iya zama alamar gubar kanta.

23/ A 2012 hukumar CDC ta Amurka ta fitar da rahoton wani jariri ɗan wata 6 a Boston, iyayensa ƴan Najeriya. An samu dalma a jininsa. Da aka bincika, kwallin da ake sa masa ne. Aka auna shi: kashi 82.6 cikin ɗari dalma. Rahoton ya kira shi tiro, ya ce ana kuma ce masa tozali da kwalli.

24/ Yadda take shiga jiki ba wuya. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Hawaye ma akwai hanyar da yake bi daga ido ya sauka hanci da maƙogwaro. Uwa ta shafa da yatsa, ta ba shi abinci da hannun. Mai ciki kuma dalmar jininta tana isa ga ɗan tayi.

25/ WHO ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa: fahimta, natsuwa, koyon karatu. Kuma ɗan kaɗan ba ya sa zazzaɓi ko kuka da za ki gane. Sai ya shiga makaranta a ce ba ya ja.

26/ Mu ƴan Arewa ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can ƙurar dutsen zinare ce, ba kwalli ba, yawan ma ba ɗaya ba ne, kar a ce na haɗa. Amma ƙarfen guda ne. Me zai sa mu kai shi idon jariri da hannunmu ranar suna?

27/ Na san amsar: "Kakanninmu sun sa, me ya same su?" Dalma kaɗan-kaɗan ba ta kayar da mutum a gani. Kuma wa ya auna jininsu? Sun yi da abin da suka sani, da ƙauna suka yi. Mu an auna an nuna mana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

28/ Wata za ta ce sa kwalli sunna ne, ismid ake nufi. Ban zo jayayya da wannan ba, malamai suna nan. Tambayata ga mai talla ce: abin da ke cikin tandun nan ismid ne ko galena? Ido ba ya rarrabewa, dukansu toka-toka ne masu ƙyalli. An auna kwalli a ƙasashe da dama an samu dalma, har Amurka ta hana shigo da shi.

29/ Yaji kuma? Mukan ce "ya yi yaji, yana wanke ido". Hawayen nan ido ne yake ƙoƙarin korar abin da ya dame shi. Wasu kwallin ana zuba musu kafur ko minti don a ji wannan yajin. Abin da ya sa idonki ja ya faɗi gwaji, komai baƙinsa.

30/ To me za a saya? Wanda aka rubuta abin da ke cikinsa, da sunan mai yi, da lambar NAFDAC. In kin ga CI 77499, baƙin launi ne na ƙarfe da ake amfani da shi a kayan ido. Ki saya inda za ki iya komawa ki yi ƙorafi. Wanda ba rubutu ko ɗaya a jikinsa, ki bar shi a faifai.

31/ Gwajin kayan ido ba irin na hoda ba ne. Fensirin da ke buɗe a shago kowa na gwadawa, a bayan hannu za ki ja shi, ki ga baƙinsa, ki murza ki ga ko yana zamewa. Kar ya je idonki. Ta nan Afolo ke yawo.

32/ Haka ranar biki: maskara ɗaya, ƙawayen amarya goma. Ki je da maskararki da fensirinki, ki ce, "Anti, don Allah ki yi min da nawa." Mai kwalliyar da ta san aikinta ba za ta ji haushi ba. Hazbiya ranar dina ba abin dariya ba ce.

33/ Maskara wata 3 ce bayan buɗewa. In ta bushe kar ki ɗiga mata ruwa, balle yawu. A jikin sauran kayan ki nemi hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da 6M ko 12M, watannin da zai yi bayan kin buɗe kenan. In wari ko kala ya sauya kafin nan, zafinmu ya riga ya gama da shi.

34/ Ki yi kwalliyarki, ki rambaɗa, ki fito ras, ba na cikin masu hanawa. Mudun kawai nake so mu sauya. Hoda: ta ɓace a fatata? Abin ido: na san me ke ciki, kuma idona ya zauna lafiya?

35/ In akwai mai jego a gidanku, ki kai mata lamba 22 zuwa 26, ki karanta wa Hajiya ma cikin ladabi, don ita ke riƙe da tandun. Masu baƙar fata irina kuma, ku faɗa mana a ƙasa wace kala ce ta karɓe ku da inda kuka samo, mu rage wa juna yawon kasuwa.