Zafin Duniya Da Makomar Wuraren Shaƙatawarmu

Kowa ya san cewa lokacin yawon buɗe ido a Arewacin ƙasar nan gajere ne. Yakan fara ne bayan ɗaukewar damina, wajen watan Nuwamba, ya ƙare da shigowar bazara sosai. A cikin waɗannan 'yan watanni ne baƙi ke zuwa, masu masauki da direbobi da masu sana'ar hannu su sami abin sawa a bakin salati. To, wannan ɗan lokaci shi ne ɗumamar duniya ke neman gutsurewa.

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana cewa ba a taɓa auna shekara mai zafin 2024 ba kafin ta. A watan Afrilu na shekarar, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu ɗauki gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962. Ba a ganin namun dajinsa sosai sai rani ya yi nisa, ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna sun taru a bakin kogin Gaji. Wato lokacin da ya fi daɗin kallo shi ne kuma lokacin da rana ta fi ƙuna. In zafi ya ƙaru, baƙo zai gaji tun kafin hantsi ya dubi ludayi, dabbobin kuma su shige inuwa. Wanda ya kashe kuɗinsa bai ga giwa ba, da wuya ya dawo.

Haka nan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ya dogara ne kacokan ga ruwan Matan Fada. A 2006 sai da aka hana kamun kifin saboda ƙarancin ruwa. Zafi kuwa yana hanzarta ƙafewar koguna, ga kuma madatsun ruwa da ke riƙe shi daga sama.

Damina ma tana da nata haɗarin, domin iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, in ta sauke kuwa sai ta sauke da yawa. A watan Satumba na 2024, ɓallewar madatsar Alau ta jawo ambaliyar da ta mamaye Maiduguri, ta hallaka mutane, ta kuma kashe yawancin dabbobin gidan ajiye namun daji na garin.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatun da abin ya shafa da su daina tsayar da ranakun bukukuwa bisa al'ada kawai. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da bayani a farkon kowace shekara. A riƙa duba shi. A mai da zagayen gandun daji zuwa sassafe da yamma liƙis, a tanadi rumfuna da ruwan sha da ma'aikatan jinya. A kuma daidaita da masu kula da madatsun ruwa tun da wuri, a hana sare itatuwan bakin koguna.

Ga ɗalibanmu kuwa, a tura su auna zafi da ruwan waɗannan wurare kowace shekara, domin ba a shiri sai da ƙididdiga. Gado ne muka tarar, wajibi ne mu bar wa na baya shi da kyaunsa.