Keke Ne Ma'aunin Zaman Lafiya a Arewacin Zamfara

A kowace shekara cikin watan Yuni, dubban mutane kan taru a garin Motala na ƙasar Suwidin, su hau kekuna su zagaye Tafkin Vättern, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 300. Tun 1966 ake yin wannan hawa, kuma da yawa daga cikin mahayan cikin dare suke ratsa karkara. A kewayen Tafkin Vänern, wanda ya fi kowane tafki girma a ƙasar, akwai hanyar keke mai tsawon kusan kilomita 640, wadda akasarinta ƙananan hanyoyin ƙauye ne da aka haɗa bakinsu, aka kafa musu alamomi. Abin da ake tallata wa baƙo game da waɗannan hanyoyi shi ne shiru: motoci kaɗan ne, ba hayaniya, mutum na iya yin sa'a guda bai gamu da kowa ba.

A yi wa mutumin Galadi ta ƙasar Shinkafi wannan kwatanci, a ce masa ga wata hanya da zai yi sa'a guda a kanta bai gamu da kowa ba, abin da zai fara tambaya shi ne ko lafiya. A tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, shirun hanya ya zama gargaɗi. Direba yana lura da motocin da ke tahowa daga gaba. In suka ɗauke, sai ya rage gudu ko ya tsaya a gari mafi kusa ya nemi labari. A Suwidin hanya ta yi shiru ne domin an kawar mata da abin da ke cutar da matafiyi. A arewacin Zamfara kuwa matafiyin ne aka kora.

Wannan bambanci ya ba da ma'aunin tsaro da ya fi waɗanda aka saba ji. Hukumomi kan lissafa yawan 'yan bindigar da aka kashe, da baburan da aka ƙona, da mutanen da aka kuɓutar. Alƙaluman na da amfaninsu, amma aikin jami'ai suke aunawa. Idan ana son auna rayuwar talaka, sai a dubi wanda ya fi kowa rauni a kan hanya, wato mai keke. Ba ya iya gudun tsira, ba shi da gilashin da zai ɓuya a bayansa, ba ya tafiya cikin jerin gwano da rakiyar sojoji. Duk ranar da manomi ya ɗaura buhun gero a bayan kekensa daga Galadi ya nufi kasuwar Shinkafi shi kaɗai, ya dawo bayan la'asar ba tare da iyalinsa sun zauna cikin zullumi ba, to a ranar zaman lafiya ya dawo. Kafin wannan rana, duk sanarwar nasara alkawari ce kawai.

Ƙasar kanta kamar don keke aka shimfiɗa ta. Fili ne mai ƙarancin tudu. Gulbin Gagare ya ratsa ta Kaura Namoda, Gulbin Bunsuru ya bi ta ƙasar Zurmi, su biyun suna gangarawa arewa maso yamma su shiga Gulbin Rima, suna barin fadamu da tafkuna inda ake noman rani da kamun kifi. Garuruwa a jere suke a gefen waɗannan ruwaye, tazarar da ke tsakaninsu ta yi wa ƙafa nisa, ba ta kai a ƙona mata fetur ba. Tun da layin dogo ya iso Kaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, kuma ƙananan hanyoyin da jakuna da raƙuma suka fitar zuwa tashar su ne keke ya gada. An yi zamanin da malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwar ƙauye duk da Raleigh ake gane su, lokacin da kamfanin ke harhaɗa kekunansa a Kano. Kowane gari na da mai gyaran keke a gindin bishiya, da famfonsa da kwanon ruwan neman huji.

Babur ne ya ture keke, kuma ba a banza ba: ya fi sauri, ya fi ɗaukar kaya, ya ba dubban matasa sana'ar kabu-kabu. Sai dai shekarun baya-bayan nan sun nuna raunin dogaro da shi kacokan. Babur ɗin nan shi ne abin hawan 'yan bindigar da ke fitowa daga dazukan Sububu da Dumburum, saboda haka duk matakin tsaro a kansa yake fara sauka. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura. Mai laifi ya nemi fetur ta ɓarauniyar hanya. Mai gaskiya ya koma tafiyar ƙasa. Daga nan aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya ninka sau da yawa cikin ɗan lokaci. Kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti ko makarantar sakandare ya fi ƙarfin gidaje masu yawa. Keke ne kaɗai abin hawan da dokar hana zirga-zirga ba ta nema, gidan mai kuma ba shi da iko da shi.

Akwai hujja daga waje da ta nuna abin da keke ke iya yi wa karkara. A 2006 jihar Bihar ta Indiya ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke. Binciken da masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash suka yi ya gano cewa shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, kuma tasirin ya fi ƙarfi a ƙauyukan da makaranta ta yi musu nisa. Al'adar Bihar daban take da ta Zurmi, kuma hawan keke ga budurwa abu ne da iyaye da malamai za su tattauna. Amma matsalar nisa iri ɗaya ce, kuma ko yara maza kaɗai aka fara da su, da ma'aikatan lafiya masu zagayen rigakafi, ribar a fili take.

Mai suka zai ce maganar keke a yankin da ake biyan 'yan bindiga haraji kafin a yi girbi wasa ne da hankalin mutane. Yana da gaskiya ta fuska ɗaya: babu alamar hanya ko inuwar bishiya da za ta tare harsashi, kuma tsaro shi ne farko. Zai kuma iya tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri na zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke har wata motar bas ta ture shi a Abuja. Darasin wannan labari shi ne, kira bai isa ba matuƙar hanyar ba ta amince da mai keken ba. Suwidin ba da wa'azi ta kai inda take ba. A 1997 majalisar dokokinta ta amince da manufar cewa bai kamata kowa ya mutu ko ya nakasa a kan hanya ba, aka ɗora alhakin hakan a kan masu tsara hanya tare da masu bin ta, aka rage gudu zuwa kilomita 30 a sa'a a wurare da dama da mota ke cuɗanya da mai keke da mai tafiya a ƙasa. Shirun da baƙo ke yabawa a bakin tafkunansu da gangan aka gina shi.

Saboda haka abin da ake bukata a arewacin Zamfara ya kasu biyu, kuma dole su tafi tare. Na farko, a sauya inda ake tsaro. Rakiyar motoci a kan babban titin Kaura Namoda zuwa Shinkafi, ko wanda ya bi ta Zurmi zuwa Jibiya, tana kare wanda ke da kuɗin mota. Rayuwar ƙauye kuwa a kan hanyoyin burji take, waɗanda suka haɗa gona da gari, gari da kasuwa. Kowace ƙaramar hukuma na iya zaɓar 'yan hanyoyi kaɗan masu kai wa kasuwa da asibiti da makaranta, a tsare su kullum, a riƙa ƙidaya masu keke da masu tafiyar ƙasa da ke bi a ranar kasuwa. Wannan ƙidaya ba ta bukatar na'ura, kuma da wuya a yi mata kwaskwarima, domin mutanen gari sun san gaskiyarta.

Na biyu, a gina hanyoyin da mai keke a rai. Abokan gabansa a wannan ƙasa sanannu ne: rairayi mai zurfi da rani, da ƙoramun da ke yanke hanya da damina, da zafin rana, da ƙaya. Maganinsu burji ne da aka daddaɓe, da kwalbati a mashigar ruwa, da layin dogon yaro a gefe, da kafaɗa mai faɗi a bakin kwalta inda manyan motoci ke wucewa. Kuɗin kilomita ɗaya na tagwayen titi a Gusau zai yi irin wannan aiki mai nisa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda na da injiniyoyi da ɗaliban da za su iya auna hanyoyin, su kuma ƙera amalanken keke na ɗaukar albasa ko majinyaci.

Wata rana ana iya zagaye Tafkin Bakolori da ke yammacin jihar a kan keke don nishaɗi, kamar yadda ake zagaye Vättern. Amma tarihin wannan madatsa, inda a 1980 'yan sanda suka murƙushe manoman da ke neman diyyar gonakinsu, ya isa gargaɗi a kan aikin da ake tsarawa don idon baƙo a mance da mai ƙasa. Hanyoyin Suwidin ma na manoma da 'yan makaranta ne kafin masu yawon buɗe ido su gano su. A fara da mai buhun gero na Galadi, da yaron da ke son isa aji kafin a buga ƙararrawa. Idan hanya ta amince da waɗannan biyun, kowa ma zai iya bin ta.